Sabuwar Bussa da Madatsar Kainji: Yadda Ruwan Kogi Ke Zama Cajin Waya

Yawancin masu riƙe da wayar zamani sun san girman batirinsu, sun san cajar da ta fi sauri, sun kuma san shagon da ake kai waya caji a unguwarsu idan an ɗauke wuta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda wutar take fitowa kafin ta iso soket ɗin ɗaki. Mafi yawan lantarkin Najeriya daga iskar gas ake samar da shi, amma wani kaso mai tsoka daga ruwa yake zuwa. Idan kuwa ana maganar wutar ruwa a ƙasar nan, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Kainji, kuma garin da ke maƙwabtaka da ita shi ne Sabuwar Bussa, a Jihar Neja.

Darasin yau zai bi wutar tun daga bakin kogi har zuwa cikin batir. Mai karatu zai ga yadda ruwa ke juya inji, zai lissafa da kansa yawan ruwan da cajin waya ɗaya ke ci, zai kuma fahimci dalilin da ya sa ake iya zama cikin duhu alhali madatsa cike take da ruwa. Daga ƙarshe akwai bayani kan dajin da ke kewaye da garin da shirin da ya kamata mai waya ya yi kafin ya nufi can.

Garin da aka gina saboda madatsa

Kalmar “sabuwa” da ke cikin sunan garin tana da dalili. Akwai tsohuwar Bussa, wadda ta zauna a bakin Kogin Neja, kogin da Hausawa suka fi sani da Kwara. Tana ɗaya daga cikin manyan garuruwan ƙasar Borgu. A duwatsun ruwan da ke kusa da ita ne Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya rasa ransa a 1806. Daga nan ne kuma wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin a 1830 har suka gano inda yake faɗawa teku.

An fara gina madatsar Kainji a 1964, zamanin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kammala a 1968, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon. Da aka tare kogin, ruwa ya taru a baya ya zama tafki mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200, wanda ya miƙa arewa har wajen Yawuri a Jihar Kebbi ta yanzu. Tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin wannan ruwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka da tsibirai, aka sake musu matsuguni. Sun bar gonakin fadama da kakanninsu suka noma, sun bar kasuwanni da maƙabartu. Sabuwar Bussa ita ce garin da aka gina wa mutanen Bussa a kan tudu, can aka mayar da fadar Sarkin Borgu.

A yau garin shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Borgu. Yankin yana cikin Jihar Kwara ne har zuwa 1991, lokacin da aka mayar da shi Jihar Neja. Akwai Bussawa da Kambari da Fulani da Nufawa da Yarabawa, ga kuma Sarkawa masunta a bakin tafki, Hausa kuwa ita ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa. Duk da ƙanƙantar garin, yana da cibiyar tarayya ta binciken kifin ruwan daɗi, da kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji. Tafkin da dajin ne suka jawo su.

Yadda ruwa ke zama wuta

Duk wanda ya taɓa zuba ruwa daga saman bene ya san yana dukan ƙasa da ƙarfi fiye da wanda aka zuba daga tsayin gwiwa. Wannan shi ne tushen aikin madatsa. Bangon Kainji, mai tsayin kusan mita 65, yana ɗaga ruwan kogi ya yi sama, ta yadda za a sami tazara tsakanin ruwan tafki da ruwan da ke gangare. Wannan tazara ita ce jarin tashar.

Aikin yana tafiya mataki huɗu:

1. Ana buɗe ƙofofin da ke jikin bango, ruwa ya shiga manyan bututu ya gangara da ƙarfi.
2. A ƙasa ruwan yana bugun wata ƙatuwar farfela ta ƙarfe, ta riƙa juyawa. Kamar fanka ce da aka juya aikinta: ita fanka wuta ke juya ta ta tura iska, wannan kuwa ruwa ke tura ta ta haifar da wuta.
3. Farfelar tana haɗe da janareta ta hanyar wani kakkauran sandan ƙarfe. A cikin janareta akwai maganaɗisu da ke juyawa a tsakiyar naɗaɗɗen jan ƙarfe. Duk lokacin da maganaɗisu ya gifta jan ƙarfe, lantarki na motsawa a cikinsa. Michael Faraday ne ya gano wannan a Ingila a 1831, kuma a kansa janaretan mai shagon caji yake aiki, sai dai shi fetur ke juya shi.
4. Ruwan da ya gama aiki yana fita ya koma kogi, bai ƙone ba, bai ragu ba.

Saboda ruwan ba ya ƙarewa a wurin, ana iya sa shi aiki sau biyu. Kimanin kilomita 100 a gangaren Kainji akwai madatsar Jebba, a kan iyakar Neja da Kwara, wadda ta fara aiki a 1985. Ruwan da ya juya injinan Kainji shi ne zai je ya juya na Jebba. Haka abin yake a Kogin Kaduna, inda ruwan da ya fito daga Shiroro yake gangarawa Zungeru.

Ga ƙarfin da aka girka a kowace tasha:

Kainji: megawat 760, injina 8
Jebba: megawat 578, injina 6
Shiroro: megawat 600, injina 4
Zungeru: megawat 700, injina 4

An tsara Kainji ne da gurbin injina 12, amma 8 aka fara sakawa. Shiroro ta fara aiki a 1990, Zungeru kuwa ita ce ƙaramarsu a shekaru. Wannan jeri ne ya sa ake yi wa Jihar Neja kirari da jihar wutar lantarki. A lura cewa ƙarfin da aka girka daban yake da wanda ake samu kullum. Inji na iya lalacewa ko a tsayar da shi don gyara, ruwa na iya yin ƙasa, layin da zai kwashi wutar ma na iya kasawa. Tun 2013 kamfanin Mainstream Energy Solutions ke tafiyar da Kainji da Jebba bisa yarjejeniya da gwamnati.

Jarka nawa cajin waya ɗaya ke sha?

Nan ne wurin da mai karatu zai buɗe kwakuletar wayarsa. Ƙarfin da injin ruwa ke bayarwa ya dogara ne da abu biyu: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da tsayin da yake faɗowa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ƙa'idar ita ce a ninka litar da ke wucewa a daƙiƙa da 9.8, wato ƙarfin jan ƙasa, sannan a ninka da tsayin faɗuwa a mita, sannan a ninka da 0.9, domin kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin yana salwanta a cikin inji. Amsar da ta fito tana cikin wat.

A ɗauki misali don koyo. A ce lita 300,000 na wucewa ta inji ɗaya a kowace daƙiƙa, tana faɗowa daga tsayin mita 30. Idan aka ninka 300,000 da 9.8 da 30 da 0.9, za a sami wat 79,380,000. Tunda wat miliyan ɗaya shi ne megawat ɗaya, wannan ya kama kusan megawat 79, daidai da girman ƙananan injinan Kainji masu megawat 80.

Yanzu a koma kan waya. Batirin da aka rubuta wa 5,000mAh yana aiki ne a kan kusan bolt 3.85. Idan aka ninka 5 da 3.85 za a sami kusan 19, wato wat 19 na tsawon awa ɗaya. Caja tana ɗumi yayin aiki, layin wuta ma yana zubar da wani abu a hanya, don haka a ƙaddara cikakken caji yana cin 25 daga tasha. Wat ɗaya na daƙiƙa ɗaya shi ake kira jul, awa kuma daƙiƙa 3,600 ce, ke nan cajin yana buƙatar jul 90,000. Lita ɗaya da ta faɗo daga mita 30 tana ba da kusan jul 265. A raba 90,000 da 265, amsar ita ce lita 340.

Lita 340 ta kusa jarka 14 mai lita 25. Wato duk daren da aka cika irin wannan batir da wutar ruwa, kusan abin da ɗan garuwa ke turowa a kura guda ne ya gangara ta cikin inji. Shi kuwa inji ɗaya mai megawat 80, a cikin awa ɗaya kacal yana samar da abin da zai cika waya miliyan 3 da 200,000.

Lissafin yana nuna wani abu kuma: waya ba ta cikin masu cinye wutar gida. Dutsen guga mai wat 1,000 da ya yi awa ɗaya a kunne ya ci yunit ɗaya a mita, daidai da cajin waya sau 40. Wanda ke cajin wayarsa sau ɗaya kullum, a shekara guda bai wuce yunit 9 zuwa 10 ba. Mai son rage kuɗin wuta sai ya dubi dutsen guga da hita da na'urar sanyaya ɗaki.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Tambayar da ke biyo baya ita ce: idan damina ta wuce, ina tafkin ke samun ruwa? Amsar tana da ban sha'awa, domin Kogin Neja sau biyu yake kawo ruwa Kainji a shekara.

Na farko yana zuwa ne da damina, wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan sama ne da ya sauka a yankunan kusa, har da wanda Gulbin Sakkwato da Rima suka kwaso. Yana zuwa da laka da yashi, launinsa ya yi fari-fari, shi ya sa masana kogin ke ce masa farin ruwa.

Na biyu daga nesa yake tasowa. Mafarin kogin yana tsaunukan ƙasar Gini, kuma tsawonsa ya kai kusan kilomita 4,180. Ruwan da ya sauka a can da damina yana shiga Mali, inda yake bazuwa a wata makekiyar fadama tsakanin Segu da Tumbuktu. A nan tafiyarsa ke yin sanyi, lakarsa ta kwanta, wani kaso rana ta shanye. Wanda ya rage yana wucewa ta Gawo da Yamai, ya iso Kainji daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, a tace, da duhu-duhu. Shi ne baƙin ruwa. Ke nan wanda ya jona wayarsa a Birnin Kebbi cikin sanyin hunturu, yana iya yiwuwa ruwan saman da ya sauka a Gini watanni da suka wuce ne ke cika masa batir.

Tafkin kansa kamar wata babbar ma'ajiyar caji yake. Ana tara ruwa lokacin da ya yi yawa, a riƙa sakinsa a hankali. Daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina ruwan yakan yi ƙasa, tazarar faɗuwa ta ragu, kuma ƙa'idar da aka gani a sama ta nuna cewa idan tsayi ya ragu wuta ma za ta ragu. A shekarar da ruwa ya yi yawa kuwa, dole a buɗe ƙofofin malala don kada bango ya cutu, abin da kan jawo ambaliya a gonaki da ƙauyukan gangare. Irin wannan wahala ce ta sa aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, a 2010, mai hedikwata a Minna.

Akwai kuma abin da ke sama da Najeriya. Jamhuriyar Nijar ta daɗe tana aikin madatsar Kandaji a yankin Tilaberi, a kan wannan kogi ɗaya. Duk abin da aka yi wa ruwan a sama, na ƙasa zai ji a jikinsa, shi ya sa ƙasashen da ke amfana da kogin suke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai.

Daga Kainji zuwa soket

Janareta na fitar da wuta a kan bolt dubu goma sha wani abu. Kafin ta kama hanya, taransifoma tana ɗaga ta zuwa bolt 330,000. Dalilin shi ne igiyar wuta tana zafi idan lantarki mai yawa na gudana a cikinta, zafin nan kuma asara ce. Idan aka ninka bolt sau 10, yawan lantarkin da ke gudana zai ragu sau 10, asarar kuwa ta ragu sau 100. Wannan ne aikin dogayen turakun ƙarfen da ake hangowa a daji.

Kamfanin TCN ke kula da waɗannan manyan layuka. A tashoshinsa ana sauke wutar zuwa bolt 132,000, sannan 33,000. Daga nan kamfanonin rarrabawa, irin su KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, suke karɓa. Ana ƙara sauke ta zuwa 11,000, har ta iso taransifomar unguwa, wadda ke mayar da ita kusan bolt 230 na gida. Mataki na ƙarshe yana hannun mai waya. Kan caja ƙaramar tashar sauke wuta ce, tana karɓar bolt 230 mai kai-komo ta mayar da shi bolt 5 mai tafiya hanya ɗaya, ko 9 ko fiye idan caja mai sauri ce.

Wutar gida tana kai-komo sau 50 a kowace daƙiƙa, shi ne 50Hz da ake gani a jikin caja. Dukkan injinan da ke kan babban layin ƙasa dole su yi juyi tare a kan wannan ƙidaya, kamar masu daka a turmi ɗaya. Idan masu jan wuta suka fi ƙarfin abin da ake samarwa, ko wani babban layi ya yanke kwatsam, juyin injina yana raguwa. In ya ragu da yawa, na'urorin kariya suna cire injinan ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone. Wannan shi ne abin da ake ji a labarai cewa babban layin wuta ya durƙushe. Tashoshin ruwa suna da amfani a irin wannan rana, domin injinsu yana tashi cikin mintuna kuma ba ya buƙatar wuta mai yawa daga waje kafin ya fara juyawa.

Abin da ya faru a Oktoban 2024 ya isa misali. An lalata layin da ya tashi daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke kawo wuta ta Binuwai ya sami matsala. Jihohin Arewa da dama suka kwashe sama da mako guda cikin duhu, shagunan caji suka cika maƙil. A lokacin madatsun suna nan da ruwansu, hanyar da wutar za ta bi ce ta toshe.

Layin da ya tashi daga Kainji zuwa Birnin Kebbi kuwa yana da reshe da ya ƙetara iyaka zuwa Yamai, akwai kuma wani daga Katsina da ke kai wuta yankin Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta yanke wutar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Matasan Yamai sun ga yadda shawarar siyasa ke iya hana waya caji.

Abin da wannan ke koya wa mai waya

Sanin hanyar wuta yana taimakawa wajen kare na'ura. Ga abubuwa huɗu:

1. Lokacin da aka dawo da wuta ya fi kowane lokaci haɗari, domin bolt yakan yi tsalle kafin ya daidaita. Idan an ɗauke, a zare caja daga soket. Idan an kawo, a dakata 'yan mintuna kafin a jona.
2. A karanta ƙananan rubutun jikin caja. Mai kyau takan nuna tana karɓar 100 zuwa 240V, ma'ana tana jure wuta mai rauni. Cajar jabu ma tana iya ɗaukar wannan rubutu, don haka a lura da wadda ba ta da nauyi ko kaɗan, ko take zafi fiye da kima, ko take sa fuskar waya ta riƙa taɓa kanta yayin caji.
3. Idan hadari ya taso da tsawa, a zare komai. Tsawa na iya faɗa wa layi a nesa ta biyo igiya har cikin ɗaki.
4. A cika ma'ajiyar caji tun wuta na nan. Mai 10,000mAh ba za ta cika waya mai 5,000mAh sau biyu cif ba, saboda wani kaso yana tafiya wajen sauya bolt.

Daji da tafki

Ba wuta kaɗai aka san Sabuwar Bussa da ita ba. Ita ce ƙofar shiga Gandun Dajin Tafkin Kainji, gandun ƙasa na farko a Najeriya, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗe dazukan Borgu da Zugurma. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300. Sashen Borgu, wanda ya fi girma, yana yamma da tafki ya nufi iyakar Jamhuriyar Benin, Kogin Oli kuma ya ratsa ta cikinsa. Sashen Zugurma yana gabas, ta ɓangaren hanyar Mokwa.

An san dajin da dorina da kada a Kogin Oli, da gwanki da ɓauna da mugun dawa da birai iri-iri, da tsuntsaye masu yawa. Da rani aka fi ganin namun daji, lokacin da ciyawa ta bushe kuma dabbobi suka taru a bakin ruwa. A tafkin kuwa akwai tsibirai da ƙauyukan masunta, a cikin gari kuma masarautar Borgu tana yin bikin Gani da hawan dawaki.

Sai dai akwai gaskiyar da dole a faɗa. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun sami mafaka a sassan dajin, an kuma kai hare-hare a ƙauyukan da ke kewaye. Hoton da aka gani a TikTok ko Instagram ba ya nuna halin da hanya take ciki a yau. Duk mai niyyar zuwa ya fara tuntuɓar hukumar gandun da mutanen gari, kada kuma ya shiga daji ba tare da jami'an gandu ba. A kan ruwa ma an sha yin asarar rayuka sakamakon kifewar kwale-kwale da aka yi wa lodi fiye da kima. Rigar kariya ta fi kowace na'ura da ke cikin jaka muhimmanci, tafiyar dare a kan tafki kuwa a bar ta.

Ga wanda hanya ta yi masa kyau, shirin waya shi ne:

1. A sauke taswirar yankin a Google Maps tun ana gida. GPS yana aiki ko babu data, amma taswirar sai an ajiye ta.
2. A sanar da wani na gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, domin sabis yana ɗaukewa a wurare da yawa.
3. Alamar IP67 tana nufin waya na jure zurfin mita ɗaya na minti 30 a gwajin kamfani. Wayar da ta taɓa faɗuwa ko aka taɓa buɗe ta wajen gyara ba ta da wannan tabbaci. Jakar roba mai zif ta fi arha.
4. Idan waya ta faɗa ruwa, a kashe ta, a goge, a bar ta ta bushe a inda iska ke kaɗawa. Kada a jona ta a caji. Binne ta cikin shinkafa ba ya cire ruwan da ya shiga ciki.
5. Madatsa wuri ne na tsaro, akwai kuma sansanin sojin sama a yankin. Kada a ɗauki hoto ko a tashi jirgi maras matuƙi sai da izini.
6. Manhajar Merlin Bird ID da Google Lens suna taimakawa wajen gane tsuntsu ko tsiro daga hoto.

Aikin gida

Wanda ba zai iya zuwa ba yana iya ziyartar wurin daga inda yake zaune. A buɗe Google Maps, a rubuta Kainji, a juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan'adam. A nemo bangon madatsa a kudancin tafki, da Sabuwar Bussa a yammacinsa. A bi kogin ƙasa har Jebba, sannan a bi shi sama ta Yawuri da Gaya da Yamai har fadamar Mali, a ga nisan da baƙin ruwa ke yi kafin ya iso.

Sai kuma lissafi. Waya mai batir 4,000mAh, jarka nawa take sha? A ninka 4 da 3.85, a ƙara kashi 30 cikin 100 na asara, a ninka da 3,600, a raba da 265, sannan a raba da 25. Wanda ya sami kusan jarka 11 ya yi daidai. Daga nan sai kowa ya duba girman batirin da ke hannunsa ya fitar da nasa adadin.